Yadda ake nemo wanda aka kama a ƙaramar kaunti ta ƙauye a Amurka, da yadda ake karɓo takardunsa

Wajen ƙarfe uku na dare waya ta tashe ni, mahaifiyar wani yaro ce da muke sallah masallaci ɗaya, direban tirela ne, kwana biyu kenan wayarsa a kashe ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ta ce "ɗana don Allah ka taimake ni ka duba min, an ce kama shi aka yi." Na ce Hajiya wa ya kama shi, kuma a ina? Ta ce a Amurka. Wallahi a ganinta ta gama ba ni adireshi, don ita abin da ta sani shi ne ka je caji ofis na unguwa, in ba ya nan ka wuce hedikwata, shikenan. Toh nan ba haka abin yake ba. Amurka tana da kaunti sama da 3,000, kaunti kuwa kusan ƙaramar hukuma ce a wajenmu, kuma yawancinsu kowacce da sherif ɗinta, wato shugaban 'yan sandan kaunti da jama'a suka zaɓa, da jel ɗinta da littafinta, babu wani rumbu ɗaya da za ka buga suna ya fito maka da duk wanda ke tsare a ƙasar. Jihar Texas kaɗai kaunti 254 ce da ita, akwai wadda ake kira Loving da mutanenta 64 ne cif a ƙidayar 2020. Irin waɗannan wurare ne direbobinmu ke ratsawa dare da rana.

Mataki na farko, gano kauntin

Kafin ka gano kaunti duk wahalar da za ka sha ta banza ce. Ka tambayi wanda ya yi magana da shi na ƙarshe a ina ya ce yake, wace hanya, wane gari ya wuce, in direban kamfani ne ka kira mai raba musu lodi don motar tana da na'urar da ke nuna inda ta tsaya. In kuna raba wuri da shi a waya ko WhatsApp ka duba inda alamar ta tsaya. Da ka samu sunan gari ko lambar mil ta babbar hanya, ka shiga Google ka rubuta sunan garin da jihar ka ƙara "county", zai gaya maka.

Nan akwai tarko biyu. Na ɗaya sunaye suna maimaita kansu, kaunti mai suna Washington kaɗai ta kai talatin a jihohi daban-daban, haka Jefferson da Lincoln da Franklin sun cika ko'ina, na taɓa ganin wanda ya wuni yana kiran jel ɗin wata jiha alhali ɗan'uwansa na can wata. Na biyu sunan gari ba lallai ya zama sunan kaunti ba, birnin Houston yana cikin kauntin Harris ne, ita kuwa kauntin Houston tana can daban, ƙauye ce, hedikwatarta Crockett. A Louisiana kuma ba sa cewa kaunti, "parish" suke cewa.

Wani abu da ke ruɗa mutane, in ɗan sandan babbar hanya ne ya kama mutum, wato ɗan sandan jiha, sai a ɗauka gidan yarin jiha aka kai shi. A'a, kusan kullum jel ɗin kauntin da aka tsayar da shi ake kai shi. Jel shi ne wurin tsare wanda ke jiran shari'a ko mai ɗan gajeren hukunci, galibi shekara ɗaya ko ƙasa da haka, gidan yarin jiha kuwa sai an yanke wa mutum hukunci mai nauyi tukunna. Saboda haka wanda aka kama jiya kar ka ɓata lokaci a shafin hukumar gidajen yarin jiha. Sai dai jihohi shida da suka haɗe abin a hannun jiha: Alaska, Connecticut, Delaware, Hawaii, Rhode Island da Vermont, su can shafin jihar za ka nufa kai tsaye.

Na biyu, sunan da ke kan lasisinsa

Wannan shi ne ya fi cin mutanenmu, kuma ban taɓa ganin an rubuta shi a wani wuri ba. Sunan da ake kiransa a gida ba shi da amfani a nan, Babangida ko Ɗanlami ko Baffa ba wanda ya san su. Sunan da ke kan lasisin tuƙi ko fasfo ake nema, harafi da harafi. Muhammad ne ko Mohammed ko Mohamed ko Mahamadou? Abubakar ko Aboubacar ko Boubacar? Usman ko Ousmane? Wanda ya fito daga Nijar rubutun Faransanci ne a takardunsa, na Gana da nasu, kuma ma'aikacin jel na ƙauye da bai taɓa ganin irin sunan ba a rayuwarsa shi ne ya buga a kwamfuta ƙarfe biyu na dare, yana iya juya sunan farko ya koma na ƙarshe, ko ya haɗe biyu, ko ya tsallake harafi. Shi yaron da nake ba ku labari sunan mahaifinsa aka saka a matsayin nasa, na tsakiya kuma aka mayar sunan iyali, sau uku ina bugawa babu. Don haka ka gwada duk yadda za a iya juya shi, in shafin ya yarda ka buga haruffa uku na farko kawai.

Ranar haihuwa ma a kula, su wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/07 a wajensu 7 ga Maris ne ba 3 ga Yuli ba. Kuma ranar da ke takarda za ka bayar ba wadda Hajiya ta tuna ba, mun san da yawa cikinmu 1 ga Janairu aka rubuta mana.

Na uku, intanet, amma kar ka dogara da ita

Rubuta sunan kauntin da jihar sannan "jail roster" ko "inmate search". Ka tabbata shafin sherif ne ko na kaunti, don sakamakon farko-farko yawanci na 'yan kasuwa ne da za su ja ka shafi biyar suna cewa ana bincike sannan su nemi katin banki. Kar ka biya su ko sisi, abin da suke sayarwa kyauta ne a wajen hukuma kuma nasu tsohon labari ne. A manyan birane jerin yana sabuntawa kowane lokaci da hoto da caji da kuɗin beli. A ƙaramar kaunti kuwa wani lokaci takarda ce ɗaya ake ɗorawa da safe, wani lokaci an kwana biyar ba a taɓa ta ba, wasu a Facebook na ofishin sherif suke sakawa, wasu suna da manhaja ta waya, wasu kuma babu komai sai lambar waya da hoton sherif da hularsa.

Sai VINELink, shafi ne kyauta da yawancin jihohi ke ciki. Asalinsa don waɗanda aka zalunta aka yi shi su san ranar da za a saki wanda ya cuce su, a Louisville ta Kentucky aka fara a 1994, amma kowa na iya amfani da shi. Ka zaɓi jiha ka buga suna, in ya fito ka yi rajista da lambarka ko imel, duk lokacin da aka sake shi ko aka mayar da shi wani wuri za a turo maka saƙo. Wannan rajistar ka yi ta nan take, don ranar da aka ɗauke mutum ba wanda zai kira ka ya sanar da kai. Ba kowace ƙaramar kaunti ce ke aika bayananta can ba, rashin ganinsa ba hujja ba ce.

Na huɗu, ɗaga waya

Gaskiya a ƙauye wannan ne aikin, sauran duk share fage ne. Jel ba ya rufewa, akwai mutum a kan layi dare da rana, sau da yawa ma ita matar da ke amsa kiran gaggawa ita ce ke duba littafin jel. Kar ka kira 911, ka nemi lambar ofis ta yau da kullum. Ka yi sallama irin tasu, ka faɗi cikakken suna da ranar haihuwa, ka rarraba mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don harshenmu da nasu sai an yi haƙuri da juna. In Turancinka bai zauna ba ka sa wani ya kira, babu kunya a ciki. Ka tanadi biro da takarda ka tambayi lambar rajistarsa ta jel, cajin da ake masa, ko an yanka beli kuma nawa ne, ranar da zai ga alƙali da wace kotu, wace hukuma ce ta kama shi, sannan ko akwai wata hukuma da ta ce a riƙe mata shi. Ta ƙarshen nan ita ce mafi muhimmanci ga wanda ba ɗan ƙasa ba, zan dawo kanta. Ka tambayi ina aka ja motarsa, don filin ajiya kullum kuɗi yake hawa.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ba da labari. Kar ka fara "ai yaron kirki ne, kayan ba nasa ba ne, takardunsa ne kawai suka ƙare," ba a tambaye ka ba, kuma ofishin 'yan sanda kake magana da shi. Tambaya kawai, ka gode, ka ajiye.

In daga gida kake kira ka lissafa lokaci, ƙarfe 8 na safe a yawancin Texas ƙarfe 2 na rana ne a Kano ko Zinder lokacin bazararsu, 3 lokacin sanyi. Wanda aka kama ɗazu kuma yana iya ɗaukar awanni kafin a gama ɗaukar hoto da zanen yatsu sunansa ya shiga, in an ce babu ka sake kira bayan awa uku ko huɗu. Ka'idar da Kotun Ƙoli ta kafa a 1991 ita ce wanda aka kama ba da waranti ba, cikin awa 48 alƙali ya duba ko akwai dalilin riƙe shi. Wannan ba yana nufin an fara shari'a ba, a wasu ƙauyukan alƙali ɗaya ne ke zagaya kaunti uku ko huɗu, sai ranar da ya zo.

Idan an ce ba ya nan

Kar ka ajiye waya, ka tambaya "a ina kuke ajiye mutanenku?" Ƙananan kaunti da yawa ba su da jel kwata-kwata, ko nasu ɗaki huɗu ne ya cika, ko ba sa ajiye mata, sai su biya maƙwabta su riƙe musu, tafiyar awa ɗaya ko biyu. A West Virginia jel na shiyya ake da su, haka sassa da yawa na Virginia, kaunti da dama sun haɗu a gida ɗaya. A Kentucky ba sherif ke riƙe jel ba, akwai mai jel da ake zaɓa daban, lambarsa daban. Ka buɗe taswira ka kira duk kauntin da ke kewaye, ni shida na kira a daren nan, ta shida ce ta ce eh yana nan, kuma da sunan da aka juya.

In duk babu, saura uku. Hukumar shige da fice ICE tana da shafin neman wanda ta tsare, ana bugawa da lambar A mai lamba tara da ƙasar haihuwa, ko suna da ƙasar haihuwa, shi kam sai harafi ya yi daidai, kuma ba ya nuna yara 'yan ƙasa da 18. Lambar A tana kan girin kad, wato katin zama na dindindin, ko katin izinin aiki, duk mai ɗan'uwa a nan ya kamata a ce yana da hoton katin a wayarsa tun kafin rana irin wannan. Sai laifin tarayya, shafin hukumar gidajen yarin tarayya BOP yana da sunaye tun daga 1982, amma wanda ba a yanke wa hukunci ba sau da yawa yana hannun Marshal, wato jami'an tarayya masu riƙe irin waɗannan tsararru, su kuma haya suke yi a jel ɗin kaunti, ba lallai ya fito a shafin ba. Na uku asibiti, ka kira na kusa da inda motar ta tsaya.

Ga 'yan Najeriya da Gana akwai ƙarin hanya, ƙasashen biyu suna cikin jerin da dole a sanar da ofishin jakadancinsu in an tsare ɗan ƙasarsu, ɗan Nijar kuwa sai shi ya nema a sanar. Ko sherif na ƙauye ya san da wannan dokar wata magana ce daban, amma Najeriya na da ofis a Washington da New York da Atlanta, kira ɗaya ba zai rage ka da komai ba.

Beli, waya da 'yan damfara

Duk kiran da zai yi daga jel ana naɗa, har ma murya na faɗa maka kafin a haɗa ku, kuma kar ka ce ai da Hausa muke yi, ana samun tafinta. Ku tsaya kan lafiya da magani da lauya. Sai ka buɗe asusu da kamfanin wayar da jel ɗin ke aiki da shi, irin su Securus ko ViaPath da a da ake kira GTL, ma'aikacin zai gaya maka wanne ne.

Beli ko dai ka biya duka a hannun kotu ko jel, a dawo maka da shi bayan an gama in ya halarci zama duka, wani wurin a cire tara da kuɗin kotu, ko ka je wajen dillalin beli ya tsaya masa ka ba shi kusan kashi 10 cikin 100 wanda ba ya dawowa har abada. A Kentucky da Oregon da Wisconsin da Illinois babu dillalan, Illinois ma ta soke belin kuɗi tun Satumba 2023. Yanzu maganar riƙewa da na ce zan dawo kanta: in ICE ta aiko takarda a riƙe mata shi, jel na iya ƙara masa har awa 48 bayan lokacin sakinsa su zo su ɗauke shi, kenan ka tara kuɗin jama'a ka biya beli, shi kuma daga wannan ƙofa sai motar ICE. Kar a biya sai an yi magana da lauyan shige da fice. Haka kuma kar ya yi saurin amsa laifi don kawai a sake shi ya koma aiki, ƙaramin laifi a idon kotun kaunti yana iya zama na kora a idon shige da fice. Shari'ar Padilla ta 2010 kan haka ne, Padilla shi ma direban babbar mota ne mai girin kad da aka kama a Kentucky, Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya gaya wa mutum in amsa laifi zai jawo masa kora. In ba shi da kuɗin lauya ya nemi na gwamnati a gaban alƙali.

Da sunan mutum ya fito a jerin jel, 'yan damfara ma sun gani. Za a kira ka a ce mataimakin sherif ne, ka turo kuɗi yanzu-yanzu ta katin kyauta ko Bitcoin ko wata manhaja a sake shi. Ajiye wayar, ka kira lambar jel da ka samo da kanka.

Na ƙarshe, takardun

Jerin jel na nuna wanda ke ciki yau ne kawai, da an sake shi sunan ya ɓace a mafi yawan wurare. In tsohon kamu kake nema, na bara ko na shekara goma, gida biyu za ka bi. Takardar shiga jel da rahoton kamu suna wajen sherif ko 'yan sandan da suka yi kamun. Yadda shari'a ta ƙare kuwa, an kore ta ne ko an ci tara ko an ɗaure, wannan yana wajen akawun kotu, sherif bai ma sani ba sau da yawa.

Wajen sherif rubutacciyar buƙata ake yi ƙarƙashin dokar buɗe takardu ta jihar. Mutane na cewa FOIA, amma ita ta hukumomin tarayya ce, kowace jiha da tata da wa'adinta, Georgia kwana 3 na aiki su amsa, Texas in zai wuce kwana 10 na aiki sai sun rubuto sun faɗi ranar da za su bayar. Virginia da Tennessee da Arkansas kuwa suna iya ƙin wanda ba mazaunin jihar ba, sai ka nemi wani a can ko lauya. Wasiƙar gajeriya ce: cikakken suna, ranar haihuwa, ranar kamu ko kusa da ita, lambar rajista in kana da ita, takardar da kake so, da inda za a turo. Ka ce su gaya maka kuɗin kafin su buga. In bincike bai ƙare ba za su iya hana ka cikakken rahoton, na yara ƙanana da wanda kotu ta rufe kuwa ba za ka samu ba.

Wajen kotu ka fara duba ko jihar na da shafi ɗaya, Missouri na da Case.net, Oklahoma OSCN, Indiana MyCase, Pennsylvania da Wisconsin da Iowa ma suna da nasu. PACER na kotunan tarayya ne kaɗai, senti 10 kowane shafi, ba ruwansa da shari'ar kaunti. Inda babu shafi sai akawu. A Texas ma akawu biyu ne, manyan laifuka wajen akawun gunduma, matsakaita wajen akawun kaunti, tikitin hanya kuma wajen ƙaramin alƙali, sai dai a ƙananan kaunti mutum ɗaya ne ke riƙe ofis biyun farko.

Abin da za ka nema sunansa "certified disposition", takardar ƙarshen shari'a mai hatimin kotu. Ita shige da fice ke so ranar neman girin kad ko zama ɗan ƙasa, don fom ɗin yana tambaya ko an taɓa kama ka, ko da an kori ƙarar ko an goge ta, kuma zanen yatsunka ya riga ya je FBI. Mai son ganin abin da FBI ke da shi a kansa yana iya nema da zanen yatsu da dala 18, nasa kaɗai, ba na wani ba. In ba a ma shigar da ƙara ba, ka nemi akawu ko ofishin mai gabatar da ƙara ya rubuta maka hakan a takardar ofis. Ka karɓi kofi biyu ko uku masu hatimi tun yanzu, kafin a nemi gogewa, don bayan an goge samun takardar wahala ne.

Ka kira akawun kafin ka kama hanya. Ni ban kira ba, bayan an kori ƙarar yaron muka tuƙa awa huɗu muka isa sha biyu da minti goma, ƙofa a kulle da 'yar takarda an manna, sun tafi cin abinci sai ƙarfe ɗaya. Muka zauna a mota a gaban kotun, garin titi ɗaya ne da gidan mai da banki. Da ta dawo, wata dattijuwa ce da tabarau a rataye a wuya, ta ce ba sa karɓar kati, tsabar kuɗi ko takardar kuɗi ta gidan waya, muka tsallaka bankin muka ciro. Ta shiga ciki ta fito da fayil, ta buga kofi uku, ta danna ƙarfen hatimi a kan kowanne har sai da takardar ta kumbura, ta sa hannu, sannan ta ce ai da mun aiko wasiƙa da kuɗin da ambulan mai kan sarki da ta turo mana har gida. A mota ya ɗauki hoton takardar ya tura wa Hajiya, ta kira tana tambaya ko waccan ce shedar cewa an sallame shi, ya ce eh Hajiya ita ce, ta ce toh a sa ta a leda kar ruwa ya taɓa.